Khala Mastura, Mai Ɗinkin da Ba a Gani

Kowace safiya Khala Mastura takan jawo kujerarta bakin taga a gidansu na unguwar Mahjar, ta wanke hannu har sau biyu, sannan ta ɗauki allura. Shekara arba'in ta yi tana gyaran siliki. Wani tsoho ɗan Kashmir da suka yi maƙwabtaka ne ya koya mata yadda ake cire zare daga cikin kalmasar tufa a sake saƙa inda ya lalace. Sarin matan Indiya, mayafan Kashmir masu surfani, duk sun bi ta hannunta. Amma wa ya san ta? In aikinta ya yi kyau, ai ba a ganinsa.

Ni dai na san ta ranar da na ƙona sarin uwar ɗakina, Dakta Ruba, da dutsen guga. Silikin Kashmir ne, na marigayiya mahaifiyarta, kuma shi za ta ɗaura a bikin 'yarta. Ga shi ita ce kafilata, wadda ta tsaya mini nake zaune a ƙasar nan. Na ce shi ke nan, aikina da iƙamata, wato takardar izinin zamana, sun tafi. Na ruga Mahjar ina kuka, na roƙi Khala ta gyara a ɓoye.

Ta dubi ƙunar, ta dube ni. "Zan gyara, 'yata, amma sai kin faɗa mata tukuna. Allurata ba ta ɗinka ƙarya. Yalla, tashi."

Wallahi na ji haushinta. Amma na je na faɗa. Dakta ta ce in kai a gyara. Kwana tara Khala tana duƙe a kan ƙunar nan. Da na kawo sarin, Dakta ta shimfiɗa shi, ta sa tabarau, ta bi shi kaf, sannan ta ce in nuna mata wurin. Ni ma na nema na rasa. Sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Har yau ina gidanta, hankalina kwance.

Bana idon Khala ya gaji, ta ajiye allura. Khala, ke ce mai hannun alheri. Kin gyara siliki, kin hana ni zaman tsoro a gidan mutane. Allah ya saka miki, ya ƙara lafiya.

'Yan'uwa matan Mahjar da Kurayyat, ku je ku zauna kusa da ita ku koya. Sai dai ku shirya: in kun yi kuskure, za ta sa ku faɗa da bakinku.