Idon Sannu-Sannu da Manhajar Motar Asibiti

Shekara goma sha ɗaya teburina na jingine da na Sannu-sannu. Mu muka laƙaba masa sunan, don ko gobara ce ta tashi sai ya tsaya neman takalminsa. Ni kuwa zuciyata a kusa take, kowa ya sani.

Kamfaninmu ya yi wa masu tura motar asibiti manhaja. In ta fara lissafin hanya mafi sauri, sai allo ya sandare kusan minti guda, kira na shigowa ba halin ɗauka, don harshen da muka rubuta ta da shi aiki ɗaya yake yi a lokaci guda. Sannu-sannu ne ya ƙera wani ɓangare da harshen da ya fi kusa da injin, ya mai da lissafin bayan fage. Allo na amsa kira, in an gama sakamako ya dawo.

Saura matsala ɗaya. In ma'aikaciya ta rufe shafi kafin sakamakon ya iso, sai ɓangaren ya rasa wanda zai miƙa wa, manhajar duka ta faɗi. Kuma ba wanda ya san cikin ɓangaren nan sai shi.

A lokacin ne haruffan allonsa suka yi ta ƙara girma. Ya fara tsiyaya shayi a gefen kofi. Ya koma yini da abin kunne, ina tsokanarsa wai ya tsufa da son kiɗa. Ran nan matarsa ta tare ni a bakin ƙofa: hawan jinin ido ne, likita ya ce a yi aiki cikin wata biyu, in ba haka ba shi ke nan.

Na same shi da masifa. "Mutumina, kana da hankali kuwa? Kamfanin gadonka ne?"

"In an yi aikin, sati shida ba ni ba allo," in ji shi. "In ta faɗi wani na kan layi da mara lafiya fa? Bari in gama."

Sau uku yana ɗaga ranar. Ni da na iya faɗa, ban zauna na koyi abin na karɓe shi ba. Wallahi har yau yana cina.

Wata Laraba da hantsi ya ce in zo in gwada. Sau ɗari biyu ina rufe shafi ana tsakar lissafi, ko gezau. Na buga tebur. "Ta tsaya! Duba ka gani!"

Ya yi murmushi, ya kafa wa allon hagu ido. Shi kuwa allon nan tun safe a kashe yake. Na zare abin kunnensa na saurara: ashe na'ura ce ke karanto masa rubutunsa, layi bayan layi.

"Karanta mini," ya ce.

Washegari matarsa ta kai shi asibiti. Likita ya haska idon dama, ya haska na hagu, ya ajiye fitilarsa, ya ce lokacin aiki ya wuce, su koma gida.