Wandon Baba Issufu

Har yau in na tuna wata safiyar hunturu a Vaulx-en-Velin ta ƙasar Faransa, zama ba ya kama ni. Cikin shekarun tamanin ne, ina rifar, wato masu bin bayan motar shara suna juye fubel, kwandunan shara ke nan. Abokin aikina Baba Issufu ne, dattijo ɗan garin Tawa da ya samo mini aikin, mutumin da ko hularsa ban taɓa ganin ya cire ba.

Ƙa'ida ita ce in inji ya fara matse shara, kowa ya ja gefe. To, direba na ta hon, mun makara, wa ke ta ƙa'ida? Ashe wani marar imani ya cusa bido, wato jarkar sinadarin wanke bututu, cikin buhun shara. Inji na matsawa bidon ya fashe, ya wanke Baba daga ƙugu zuwa gwiwa.

"Ba komai, ruwa ne," in ji shi. Wando uku ya saka saboda sanyi, bai ji zafin nan take ba.

Wannan ruwa kuwa muddin tufa na manne da jiki, cin nama yake. Maganinsa a tuɓe, a yi ta kwarara ruwa.

"Baba, don Allah ku tuɓe!"

"A titi? Ga mata can! Kai Sani, ka haukace? Sai mun koma depo."

Depo, inda muke ajiye mota, na can ƙarshen gari. Ina ganinsa yana cije leɓe, hannunsa damƙe da mazagi. Na roƙa, na haɗa shi da Allah, ya ƙi. Hankalina ya tashi, haushi ya kama ni.

Wata mai gidan burodi ta fito da tiyo, ta miƙo mini, ta juya baya. Direba ya kare mu da kwali. Na kayar da dattijon nan, na tsarge wandunan da wuƙa. Yana zagina, ina hawaye, ina zuba ruwa, har 'yan kwana-kwana suka iso.

Fatar cinya ta tafi, amma ƙafa ta tsira. Da na je gaishe shi asibiti, sai ya juya fuska bango. Ina bakin ƙofa ya ce, "Da ɗan cikina ne, da ya ji kunyata. Da yanzu ba ni da ƙafa."

A aikin nan kunya ma tana ƙona mutum. Shi ya sa duk wanda aka haɗa mu mota, ko ya haife ni, tun ranar farko nake ce masa ya yafe mini: in ta faru, zan tuɓe shi.