Abin da Fannami Ya Ji a Injin Sista Dibora

Shekara goma sha ɗaya ina facin taya a gefen garejin Fannami, a bakin hanyar Nguru, don haka in ana maganarsa a bar ni in faɗa. Babarbare ne gajere mai taurin kai, ni kuwa Bafulatani, kullum muna cikin tsiya. Ina ce masa bawana, yana ce mini ɗan tallan nono.

Abin da ya fitar da sunansa a Haɗeja shi ne gyaran injekta, na'urar nan da ke fesa wa inji fetur ta bututu. A wancan lokaci, mota mai injekta in ta shigo hannun bakanike, abu na farko sai ya tuge bututan ya ɗora kafireta a madadinta, ya ce wai ya huta da rigima. Fannami ya tsani wannan. Cewa yake kamar mutum ne ya zo da ciwon ido ka ƙwaƙule masa idon. Direbobi har daga Guri da Auyo suke zuwa, suna cewa kunnen Fannami ya fi na'ura.

To ga abin da ni kaɗai na sani: kunnen ya mutu. Tun wajen 1991 ya fara tafiya, kaɗan-kaɗan. Bakin mutum yake kallo ya gane magana. Inji kuwa, sai ya ɗauki doguwar sukundireba, ya kafa bakinta a jikin ƙarfe, ya sunkuya cikin bonet ya ciji ƙotar, ƙarar ta bi haƙori ta shiga kansa. Daga waje sai ka ɗauka kunne ya kara. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba, domin bakanike kurma, a garinmu, ya gama cin abinci da sifana.

A damunar 1994 aka janyo masa Fijo 504 ta Sista Dibora, ungozoma ce 'yar Kafanchan da ke zagaya asibitocin ƙauyukan fadama. Motar mijinta Markus ce, wanda ya rasu. Ta shiga ruwa da ita wajen Kirikasamma, injin ya sha ya buga. Ta sa aka kawo mata wani daga Kano, wanda mai sayarwa ya rantse na Turai ne, ta Kwatano ya sauka. Sharaɗinta ɗaya, a bar mata injekta. Ana tsananin wahalar fetur a shekarar, kuma haka mijinta ya bar motar.

Fannami ya ji daɗin aikin. Amma da ya kwance kaskon baƙin mai na sabon injin, sai ya yafito ni. A ƙasan kaskon akwai laka mai laushi, da 'yan ƙananan katantanwa guda huɗu, irin waɗanda muke takawa a bakin kogi. Na ce ashe Turawa ma suna kamun kifi. Bai yi dariya ba. Ya wanke komai da kananzir, ya kwashe famfon injekta da bututansa daga tsohon injin ya mayar kan sabon, ya yi kwana uku yana saiti.

Ranar da ya tayar, bayan azahar ne, gari ya yi tsit. Injin ya tashi sumul, ko tari babu. Ya ɗauki sukundireba ya ciza. Ina kallonsa ya daɗe a sunkuye fiye da yadda ya saba. Da ya ɗago, gumi na bin wuyansa, ya ce akwai bugu a ciki. Ba na ƙarfe ba ne, domin bugun ƙarfe yana bin gudun inji, in ka taka totur ya ƙaru. Wannan kuwa bai damu da totur ba. Sau uku, ya tsaya, sau uku, kamar tafin hannu a jikin gilashi. A bayansa kuma akwai motsin ruwa.

Ya miƙo mini sukundirebar. Na ƙi karɓa. Gaskiya tsoro ne ya hana ni, ba ƙyamar yawunsa ba, ko da yake haka na ce masa.

Ya sake kwance injin gaba ɗaya, bai ga komai ba. Ya ɗaura, bugun na nan. Na ba shi shawara irin ta ragwaye: ya miƙa mota ya yi shiru, tunda ba wanda zai ji. Ya ce matar nan ita kaɗai take bin gadojin fadama, ruwa dama da hagu.

Sista Dibora ta zo ranar Litinin da jakarta, za ta wuce Guri. Direbobi kusan shida na zaune a benci suna jiran layi. Aka tayar da mota, kowa ya yaba. Fannami ya zare makulli ya riƙe, ya ce ba zai ba da ita ba, injin nan a fitar da shi. Wani direba ya ce shekara ashirin yana tuƙi, bai taɓa jin inji mai tsabta haka ba. Ita ma ranta ya ɓaci, ta ce mata na jiranta.

"Baba Fannami, me ka ji wanda mu bakwai ba mu ji ba?"

Ya dube ni, na sunkuyar da kai.

"Sista, ni ba na ji. Shekara uku ke nan. Da haƙori nake saurare, kuma abin da ke cikin nan kunne ba ya kama shi."

Sista Dibora ta buɗe jaka ta ciro ɗan ƙahon katakon nan da suke ɗorawa a cikin mai juna biyu. Ta ce a tayar. Ta naɗe gyalenta, ta ɗora ƙahon a murfin injin, ta kara kunne. Na ga leɓenta yana motsi, tana ƙirgawa yadda ta saba. Can ta miƙe a hankali, ta goge ƙahon da gefen zaninta.

"Kashe shi," ta ce. "Su biyu ne. Ɗaya ƙarami."

Nan na gane ashe daga motar da ta nutse da mutane aka ciro injin. Ranar a bayan babur ta tafi Guri. Injin kuwa, ta hana a mayar Kano, kada a sayar wa wani. Aka ɗora shi a amalanke aka kai bayan gari aka binne. Daga baya Fannami ya samo mata wani, ya ɗora da injektarta, ta yi shekaru tana hawa.

Amma magana ta riga ta fita. Ta inji ba kowa ya yarda ba, ta kunne kuwa kowa ya ɗauka. Direbobin da ke rantsuwa da shi suka koma wurin masu tuge bututu, har yau ina jin haushinsu. Kafin sallar layya gareji ya zama wurin kwanan awaki. Ya tattara ya koma Auyo yana gyara injinan ban-ruwa na masu shinkafa, aikin da ido ma ya isa.

Na kai masa ziyara a 1998. Na same shi a bakin gona, ya rame, haƙoran gaba sun zube. Na yi masa tsiyar da muka saba, bai gane ba, idon ma ya fara rauni. Na matsa na ɗaga murya na tambaye shi ko yana jin wani abu yanzu. Ya ce ko kiran salla ba ya ji, sai ya ga mutane sun tashi.

Sannan ya kama hannuna, ya ɗora a kan gwiwarsa, ya buga da tafinsa sau uku, ya tsaya, ya sake bugawa.

"Wannan kaɗai ya rage, Ɗahiru. Yanzu ba sai na ciji komai ba."