Kunkurun da Ya Ƙi Cin Latas

Ko zan tsufa har haƙorana su zube in koma shan kunu safe da yamma, ba zan manta da ɗan kunkurun da na saya da kuɗin barka da sallah ba. Lokacin ina ƙarshen firamare, muna zaune a unguwar Hindawiyya a Saudiyya, ni da iyayena da Kakata, wadda ta zo mana ziyara daga Najeriya ta kafa mulki a falo.

Ranar na raka Baba kasuwar tsuntsaye. Yana can yana cinikin tattabaru, wani mutum ya yafito ni daga bayan wata mota. "Ta'al ya walad, zo ka ga abin mamaki." Ya buɗe wata roba yana waige-waige kamar wanda ya saci takalmi a masallaci. A ciki akwai 'yan kunkuru baƙaƙe, kowanne bai fi murfin kofi ba. Ban tambayi komai ba. Na zazzage masa aljihuna, na jefa ɗaya a aljihun jallabiya, na dawo gefen Baba da fuskar waliyyi.

A gida Kaka ce ta fara kama ni. Na zaci za ta tona min asiri, sai na ga ta washe baki. "Kai, maigidana, yau ka yi abin kai! Kunkuru ai albarka ne a gida. A garinmu akwai wanda ya girmi ubanka, yana nan yana yawo a tsakar gida." Nan take ta naɗa kanta likitarsa. Ta sa na ɗebo yashi a inda ake gini, muka zuba a kwalin dabino, muka yanka masa latas. Na ce mata ƙafafunsa fa shafaffu ne kamar fuka-fuki. Ta ce, "Na Saudiyya ne, komai nasu daban. Kuma kada in ga ka sa shi a ruwa, nutsewa zai yi." Tunda Kaka ta sa hannu, dole Baba ya bar min shi. Na raɗa masa suna Kafili, wato ubangidan da baƙo ke zama a ƙarƙashinsa a can, don ba ya aikin komai sai dai a yi masa hidima.

Kafili ya ƙi latas. Ya ƙi tumatir. Na kai masa shinkafar kabsa, ya dube ta kamar na zage shi. Aikinsa kawai ya yi ta kaɗa hannuwa a cikin yashi yana tunkuɗar bangon kwali. Da farko dariya muke yi. Bayan 'yan kwanaki ya daina motsi. Idanunsa suka rufe, suka bushe, in na ɗaga shi kansa ya langaɓe. Ni da ko dukan malami ba ya sa ni hawaye, ranar na yi kukan da maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya rasu.

Baba ya gaji da ni, ya ce, "Yalla, ɗauko shi." Muka je wani shagon sayar da dabbobin gida a unguwar Safa don a ba mu magani. Mai shagon na leƙa kwalin ya ja da baya har ya kusa ture kejin aku. "La, la, la! Wannan mamnu'i ne! Ina kuka samo shi?" Ya ce wannan ɗan kunkurun teku ne, kuma doka ta hana kama shi, ta hana sayar da shi, ta hana ajiye shi a gida, tararsa kuwa ba ta wasa ba ce. Ko taɓa shi ya ƙi yi. Ya dai nuna wa Baba lambar ma'aikatan kula da namun daji, ya ce su kaɗai za su iya ceto shi.

Muka koma mota. Baba ya ce, "Ka san abin da ka jawo mana? Mu baƙi ne a ƙasar nan. Mai zama da takardar iƙama ba ya kai kansa gaban hukuma da kayan laifi a hannu." Ga kwandon shara nan a bakin titi, kuma na ga idonsa ya kai wurin. Na ce, "Baba, mutuwa fa zai yi." Ya daɗe yana kallon cikin kwalin. Sai ya ciro waya yana cewa, "In suka ci ni tara, a kunnenka zan fanshe."

Ba su ci mu tara ba. Sun yi mana tambayoyi kan mutumin da ya sayar min da shi da inda yake tsayawa, suka gode da muka kawo shi da kanmu. Wata likitar dabbobi ta karɓe shi, ta ga latas a kwalin, ta dube ni, na dubi silin. Ta ce masu irin wannan sana'a daga ramin ƙwai suke kwashe su kafin su kai ruwa, mutane su saya don ƙanƙantarsu, su mutu a kwali. Ba ta yi mana alkawarin zai rayu ba.

Bayan wasu makonni aka kira Baba, aka ce za a sake shi, in muna so mu zo. Muka tafi wata gaɓar teku a arewacin gari bayan la'asar, har da Kaka, wadda ta ce sai ta ga inda za a kai mata majinyaci. Likitar ta ajiye shi a kan jiƙaƙƙen yashi ta ja baya. Ya ɗaga kai. Sai abin nan da na sani kamar busasshen dabino ya zabura, yana jan jiki da wannan kaɗa hannun da muke yi wa dariya. Igiyar ruwa ta zo ta kifar da shi, ta dawo da shi baya. Kaka ta ƙwalla ƙara, "Wayyo, za su kashe min shi!" Ya mirgina, ya sake nufar ruwan. Da ya shiga, wallahi ba iyo na gani ba, tashi na gani, kamar tsuntsu a sararin sama. Ba uwa, ba mai nuna hanya, ga teku har ƙarshen gani, shi kuwa ko waige bai yi ba.

Likitar ta ce idan mace ce kuma ta rayu, bayan shekaru masu yawa za ta nemo gaɓar da aka ƙyanƙyashe ta, ta zo ta yi ƙwai. Kaka ta kama baki tana "Subhanallahi" a hankali. 

A da ina ganin doka wata aba ce da manya suka ƙirƙiro don su hana yara jin daɗi. A bakin tekun nan na gane cewa akwai halittun da ba su da bakin cewa a ƙyale su, sai doka ta faɗa a madadinsu. Na kuma gane cewa son abu bai isa ba, in ba ka san inda Allah ya halicce shi ya rayu ba.