Buwat Ɗin da Ta Sha Jinin Zakara

Da asubar fari muka bar Madarumfa, masunta ma ba su fara tura kwalekwale cikin tafki ba. Mu uku ne: ni, da abokina mai mota, da wani bakanike da ya fi mu ƙuruciya amma bai fi mu yawan haƙora ba. Ta huɗunmu gawa ce a cikin buhu, wato buwat ɗin motar abokina, tukunyar ƙarfen nan da ake canja witas da ita, wadda mutanen Katsina ke ce wa giyabos.

Ga abin da ya fitar da mu. Abokina yana da tsohuwar bashe, a-kori-kura mai rufin tampol, wadda ta girmi duk 'ya'yansa. Da ita yake kai kabeji da tumatirin masu lambun bakin tafki Maraɗi, da ita ya ciyar, da ita ya aurar. Kwanan baya ta yi wani ƙara kamar an zuba tsakuwa a turmi, ta tsaya cak. 'Ya'yansa suka ce haka nan ya isa, a kira 'yan gwangwan su yanka ta su auna a kilo. Ya roƙe su su jira ranar kasuwa ta zagayo. Tun da motar ta kwanta, mutumin nan bai ƙara leƙo majalisarmu ba. Ni kuwa ban san komai a mota ba sai kujerar gaba. Na bi su ne don na ji an ce akwai tsire a Ɗan Issa.

Tun a tasha na fara mita. Direba ya ce buhun nan kuɗin mutum guda zai biya, kuma a kan ƙafata aka ɗora shi. Na ce don Allah wa ke zuwa neman amarya da gawar uwargida a kafaɗa? Bakanike ya ce in ba a jera su gefe da gefe ba, za a sayar mana da wadda ba za ta shiga ba.

Ɗan Issa tana nan yadda kuka san ta: manyan motoci a jere suna jiran duwan, wato kwastan, 'yan canji da damman naira kamar masu tallar ganye. Na sha shayi da burodi na dala arba'in, shayin ya fi kama da ruwan wanke kofi. Tsiren dai bai ba ni kunya ba.

A rumfunan kayan mota na yi karatun da ban yi ba a lakwal, wato makarantar boko, inda na zauna rabin shekara na fito da harafi biyu. Ashe buwat ɗin irin tamu witas huɗu gare ta, kuma sandarta a jikin sitiyari take, saboda haka hannuwa biyu ne a gefenta. Waɗanda aka ƙera bayanta a ƙasa ake jan sandarsu, ba su dace ba. Bakanike sai ya ƙidaya ramukan ƙusa na bakinta, ya ƙidaya tsagar da ke hancin sandar gaba, ya goge lambar jikinta da yashi. Kowace aka fito mana da ita, mai rumfa sai ya rantse ita ce. Guda ɗaya ta dace, an wanke ta tana ƙyalli, an sa mata kuɗin bijimi. Bakanike ya kwance ƙusar mai, ya tsoma yatsa, ya fito yana walƙiya kamar an barbaɗa kwalli. Garin haƙoranta ne. Wannan ma gawa ce, wanka kawai aka yi mata.

Nan wani ɗan gwangwan ya taya tamu a kilo. Na ce a sallama, don bayana ya fara yi mini magana. Bakanike ya ƙi. Shi wannan ɗan gwangwan ne ya ce ya taɓa ganin 'yar'uwarta sak a wani ƙauye bayan Safo, gindin tsamiya, amma kada mu ɓata takalmanmu, don tsohon wurin ba ya sayarwa ko nawa ne.

Muka kwana a Safo gidan 'yar ƙanwata, muka ci tuwon sabon gero da miyar kuka har na manta da ciwon baya. Da safe muka ɗauki amalanken jaki. Hanyar yashi ce zalla, ga damman gero jingine a gonaki, mata na roron wake. In an zo tudu sai mu sauka mu tura, gawa kuwa tana kwance abinta kamar matar sarki.

Ƙauyen na Anna ne, masu bin hanyar kakanni. Tsohon ya tarbe mu da fura mai sanyi, ya kai mu gindin tsamiyar da kansa. Ga ta nan a kwance, an kifa mata fasasshiyar tukunya a hanci, jikinta baƙi ƙirin da busasshen jini da gashin kaji. Abokina, wanda ya je Makka, ya ja da baya yana salati. Bakanike kuwa ya durƙusa ya nemi izini. Ya fito da tamu ya jera su. Hannuwa biyu, ramuka daidai, lamba ta yi. Ya sa witas ɗaya bayan ɗaya yana murza sandar da hannu, kunnensa a manne da ƙarfen. Man ciki ya yi kauri kamar zuma, amma ba ko ƙwayar gari. Tsohon ya ce tun zamanin ubansa wata sabuwar mota ta kife a gulbi, aka kwashe abin da aka kwashe, aka bar wannan. Abokina ya kalle ni, idonsa ya cika da ruwa.

"Baba, faɗi kuɗinta," in ji shi.

"Alhaji, ko shanun Safo duka ka kawo. Tukunyar kakannin gidanmu tana binne a ƙarƙashinta. Abin da ya sha jinin gida ba a cin kuɗinsa, kuma wurin nan ba ya kwana a buɗe."

Na koma na zauna kan gawarmu, na ce, "To Baba, mutanen naku na ƙasa, tafiya suke yi da ita? Suna sa witas?"

Tsohon ya yi dariya har ya yi tari. "Kai wannan tsohon banza ne. Ina za su je? Nauyi kawai suke so, kada karnuka su tone." Sai ya tsaya yana kallon abin da nake zaune a kai. "Tashi in gani."

Ya ɗaga tamu, ya ɗaga tasa, ya sake ɗaga tamu. Ya ce nauyinsu ɗaya. In za mu bar wannan a gurbin waccan, ba ciniki aka yi ba, musaya ce. Sai dai a kawo jan zakara a sanar da masu wurin an canja musu murfi.

Nan Alhaji ya daskare. Mota yana so, amma ba zai sayi zakaran tsafi ba. Ni da ba a taɓa sa ni limanci ba, na zagaya bayan gari na sayo zakara ja jawur, dala ɗari shida, na miƙa wa tsohon na ce kyauta ce ta wanda ya sha fura. Abin da zai yi da shi, tsakaninsa da zakaransa. Muka tafi duba jakinmu, muka daɗe muna duba shi.

Da yamma muka iso Madarumfa. Abokina ya sa aka wanke buwat ɗin da omo sau uku, yana tofa addu'a. Ranar kasuwa 'yan gwangwan suka zo da sikelinsu, suka tarar da bashe ta yi lodin kabeji tana fita, Alhaji na ja musu oda, ni ina kujerar gaba.

Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, ƙarfe ɗaya kuɗinsa uku: ɗan gwangwan na ganin kilo, mai rumfa na ganin bijimi, tsohon Safo na ganin murfi. Kuma da an bi shawarata a Ɗan Issa, da yanzu motar tana cikin sikeli. Saboda haka duk wanda zai yi tafiya da ni, ya saya mini tsire, amma kada ya ji maganata.