Zulai'atu da Faifan da Ke Ƙara

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Da hantsin Laraba, 14 ga Agustan 2024, ina tsaye a ɗakin kati aka ce mini Zulai'atu Illo ta rasu a gidansu da ke Yelwa, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya, Yaya Zulai'atu. In shiga ofishinki, in fito, in sake komawa.

Shekara shida ke kike kula da babbar kwamfutar ƙaramin asibitinmu, ni kuma ina shigar da bayanan marasa lafiya. Ba zan manta wata ranar kasuwa ba. Layi ya kai bakin titi, mata daga Shanga da Ngaski, wasu tun asuba suka ƙetaro a kwalekwale. Sai ɗaya daga cikin faifan ajiyar bayanai huɗu da ke cikin kwamfutar ya fara ƙara, fitilarsa ta koma ja. Kika ce in aka kashe tsohuwar na'urar, mai yiwuwa ba ta sake tashi ba. Tsoro ya kama ni, na kai hannu zan fizge shi.

Kika riƙe mini hannu. "Dakata, Yasira, shina rubuta bayanai. Ki fizge shi yanzu, gwajin jinin matan ga ya tafi."

Kika duba lambar faifan sau biyu, kika ba na'urar umarni ta sake shi, muka tsaya har ya daina juyi. Sannan kika zare shi a hankali, kika sa sabo. Babu wadda ta koma gida ba a duba ta ba. Likita ya tambaya, kika ce ni da ke muka gyara.

Shekaranjiya wani faifan ya yi ja. Sau uku ina ɗaukar waya in kira ki. Daga baya na buɗe aljihun teburinki, na tarar kin rubuta matakan a takarda, da sunana a sama. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya fita lafiya, na zauna a ƙasa na yi kuka.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya yafe miki. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki Malam Zulkiflu, da 'yarki Zuliha, da mahaifiyarki Inna Dije, wadda har yau take zuba tuwonki kafin ta tuna. Allah Ya ba mu haƙuri. Amin.

Yasira Yusha'u, Yelwa