Turame Huɗu na Baba Guntu

Da Baba Guntu ya ajiye aikin gidan ruwa, kowa ya zaci zai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya riƙa amsa gaisuwa kamar sauran tsofaffi. Sai ga shi ya sayo tsohon injin sassaƙa, irin wanda ake ɗaura masa itace yana juya shi kamar mazari, ya kafa a ɗakin tarkace. Daga ranar kafintocin unguwa ba su sake sakewa ba. Kafin guntun katako ya kai ƙasa, yana tsaye da buhunsa. Nan ya samo sunan, kuma amsawa yake yi da fara'a.

Ba abin da yake ƙerawa sai ƙananan abubuwa. Kofin da ruwansa ba zai kashe wa ɗan tsako ƙishi ba, tulu kamar ƙwan zabo, taɓarya kamar tsinken ashana. Ba ya sayarwa, ba ya kyauta. Jera su yake a kan wata kanta, ya ja baya ya goya hannu yana kallo.

"Malam, wa zai yi daka da wannan?" in ji matarsa. "Ɓera?"

"Ke dai ba ki san sana'a ba."

"Na san marfin ɗakin girki ya shekara a karye."

"Wannan babban aiki ne, na kafintoci."

Matsalar ta faro ne da kafintoci suka koma aiki da katakon zamani, na garin itace da aka matse. Da ƙarfe ya taɓa shi a inji sai ya wargaje. Baba Guntu ya rame don kewar itacen kirki. Wata safiya ya durƙusa neman takalminsa a ƙarƙashin gado, sai ya yi ido huɗu da ƙafafun gadon: tsohon maɗaci, ja wur, kauri kamar cinyar ɗan dambe. Gadon matarsa ne, mahaifinta ya saya mata.

A yi masa adalci, ya yi ta kai zuciya nesa, har matar ta tafi wajen 'yarsu da ta haihu. Ko ƙurar motar ba ta kwanta ba ya ɗauko zarto. Ya auna tsakani da Allah, ya yanke daidai tafin hannu daga kowace ƙafa don kada gadon ya yi ɗingishi. Turame huɗu ya fitar, kuma bai taɓa yin aikin da ya kai su ba. Kullum sai ya goge su da bakin rigarsa.

Da matar ta dawo ta zauna, sai ta ce, "Kamar gadon nan ya yi ƙasa."

"Katifa ce ta kwanta," in ji shi, yana kallon rufin ɗaki.

Da ya ga ya sha, sai ya bi ta kan kujerarta, daga nan tebur. Baƙi suka riƙa zama suna jin gwiwarsu ta kusa haɓa, kunya ta hana su tambaya.

Amma rana dubu ta ɓarawo. Shekaru suka tura, gwiwoyin matar suka fara ciwo. Kowace safiya yana jin nishinta tana kokawar tashi daga gadon, ita kuwa ba mai kiran a taimake ta ba ce. Ranar da ya shigo ya same ta ta zame ƙasa, ta riƙe bakin gado tana dariya hawaye na zuba, kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

Likita ya ce a ɗaga mata makwanci. 'Yarsu ta ce abu mai sauƙi, a sa bulo.

"Gadon da ubana ya saya mini ba zai hau bulo ba kamar matacciyar mota," in ji uwar.

"To Mama, sai a fitar da shi a kawo na ƙarfe. Ba zan zuba ido ki karye ba."

Uwar ta shiga shafa katakon gadon. Baba Guntu ya ga yadda take shafa shi, ya san gadon ba ƙaramin abu ba ne a wurinta.

Ya zaga kafintoci kaf, babu mai maɗaci, sai wannan katakon gari da ba zai ɗauki mage ba. Ya dawo ya tsaya gaban kantarsa. Duk tarin nan, turamen nan huɗu ne kawai masu tsayi ɗaya da ƙarfin ɗaukar mutum, kuma sai an huda gindinsu ƙusa za ta wuce. Ya daɗe a tsaye. Da ya huda na farko sai da ya ce "wash," kamar shi aka soka.

Ranar da 'yar ta mai da uwar asibiti ya kifa gadon, ya ɗaure wa kowace ƙafa turminta. Launi ya hau launi. Ya share ɗakin, abin da bai taɓa yi ba, ya koma tsakar gida ya yi zaman marar laifi.

Matar ta shigo ta zauna a gadon. Ta miƙe ba ta dafa komai ba. Ta sake zama, ta sake miƙewa. Sannan ta ƙwanƙwasa ƙafar gadon da sandarta.

"Malam, ashe turamen sun dawo gida."

Baba Guntu ya leƙo daga bakin ƙofa. "Da ma kin sani?"

"Wa ke share ƙarƙashin gadon? Ranar da na dawo, jan garin katako na kwashe cike da abin kwasar shara."

"Kuma ba ki ce komai ba."

"Na ga yadda kake goge su. Ko ni ba ka taɓa kallona haka ba, sai na ce bari tsoho ya more." Ta gyara zama, ta miƙe ƙafa. "Je ka duba kantar taka da kyau. Saura kujerata da tebur."